Zarami da Kartar Turawa

A daminar shekarar 1948 ruwa ya tsare Malam Zarami kwana goma a wani bariki da ke kan tudu, yamma da Guri. Shi tafinta ne, mutumin Haɗejiya, ya ɗan haura arba'in, ya yi makarantar Midil a Kano, kuma shekararsa shida yana bin Baturen gona rangadi yana juya masa magana. Mutane ba su riƙe sunan Baturen ba, Mai Lofe suke ce masa. A wannan tafiya akwai wani Baturen kuma, likitan dabbobi, wanda aka raɗa wa Jan Wuya. Na huɗunsu Umara kuku, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama.

Kwana biyu suka zo yi, su duba gonakin shinkafa su wuce. Washegarin saukarsu kogi ya cika ya malala, ya shafe mashigin da suka biyo. Sarkin ruwan ƙauyen, wani dattijo mai suna Kolo, ya zo ya ce ba a haye da kaya da dawaki a irin wannan ruwa, sai a jira.

Rana ta uku zama ya ishi Turawan. Bayan azahar Mai Lofe ya aiko Umara ya kira Zarami. Ya same su a baranda, an ja tebur, an ajiye kujera ta uku babu kowa a kai. Zarami ya durƙusa ya gaishe su, ya tsaya yana jiran a kawo wanda za a yi wa tafinta. Ba a kawo kowa ba. Mai Lofe ya nuna masa kujerar ya ce ya zauna. Ya ce akwai wani wasan karta da ake ce wa foka, mutum biyu ba sa jin daɗinsa, suna son na uku.

"Ranka ya daɗe, ni ba na caca," in ji Zarami.

Mai Lofe ya ce ba kuɗi a ciki. Ya sa Umara ya kawo ƙwaryar wake, aka ɗibar wa kowa tafi guda a gabansa. Ya ce idan an tashi za a mayar da waken tukunya. Zarami ya duba bai ga hanyar ƙi ba, ya zauna a bakin kujerar kamar wanda zai tashi yanzu.

Jan Wuya ne ya yi masa bayani, da Turanci mai sauri. Abin da Zarami ya iya kamawa shi ne za a ba kowa karta biyar. Kana iya zubar da wasu a ba ka sababbi. Sannan kowa ya zuba wake a tsakiya, wanda kartarsa ta fi ya kwashe. Biyu iri ɗaya sun fi warwara, uku sun fi biyu. Har nan ya gane. Daga nan aka ce masa mai ɗigo ɗaya tal ta fi sarki. Ya ce a maimaita. Aka maimaita.

"Ɗaya ta fi sarki, amma biyu ba ta fi shi ba?"

Aka ce haka ne.

"To goma fa?"

Goma ma ba ta kai sarki ba. Zarami ya ce to.

Ba a kai la'asar ba wakensa ya ƙare. Duk lokacin da Bature ya zuba, shi ma sai ya zuba, domin a ganinsa rashin ladabi ne babba ya miƙo hannu kai ka janye naka. Sau biyu yana juya kartarsa ga Jan Wuya yana tambayarsa ko wannan tana da kyau. Turawan suka yi dariya, suka ce gobe ma ya zo.

Ya zagaya bayan bariki inda Umara yake hura wuta. Umara bai ɗago ba ya ce, "Malam, na ga abin da aka yi maka."

"Kai ka san wasan?"

"Wata guda muka yi a jirgin ruwa muna dawowa, babu aikin da ake yi sai shi. Na ga mutum ya rasa takalminsa. Ni na daina, amma ban manta ba."

Zarami ya zauna a kan turmi ya ce to ya gaya masa inda ya ɓata.

"Ba inda ka ɓata, ko'ina ka ɓata. Amma mu fara da guda. Ba kowane rabo ake bi ba. Idan an raba sau goma, takwas ka kifa kartarka ka naɗe hannu. Yawancin abin da ake ba mutum shara ce."

"In kifa, alhali maigida ya zuba?"

"A kan teburin nan ba maigida. Shi ma kifawa yake yi, ba ka lura ba?"

Zarami bai lura ba. Ya tafi alwala yana maimaitawa a ransa, goma, takwas.

Kashegari ya zauna ya yi ta kifawa. Aka raba ya kifa, aka sake ya kifa. Wakensa yana raguwa kaɗan kaɗan, na shiga wasa kawai, amma bai ƙare ba, har ya fara jin ya kama hanya. A rabo na shida Umara ya shigo da shayi, ya tsaya a bayansa daidai lokacin da ya buɗe hannunsa. Sarakuna uku ne a ciki. Zarami ya dube su, ya kife su a hankali, ya naɗe hannu. Kofin da ke kan faranti ya yi ƙara. Umara ya ajiye shayin ya fita.

Da yamma ya tare shi a bakin murhu.

"Malam, sarki uku ka kifa."

"Ai na shida ne. Kai ka ce takwas. Saura biyu kafin in fara bi."

Umara ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ba ƙirga ya ce ya yi ba. Marasa kyau ake kifawa, kuma su ne suka fi yawa, shi ya sa ya ce takwas. Idan mai kyau ta zo, ko a rabon farko ne, sai ka zuba, ka zuba da yawa, kada ka yi ta ɗiga ƙwaya ɗaya ɗaya kamar mai ba kaza.

"In na zuba da yawa ai za su gane ina da mai kyau, su gudu."

"Wani lokaci."

"To in zuba kaɗan ke nan."

"A'a. In ka zuba kaɗan ka bar su sun ga sabuwar karta a araha, su zo su fi ka."

Zarami ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Umara ya ci gaba. Ya ce wurin zama ma yana da amfani. Wanda magana ta zo kansa a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, don haka yana iya bin karta mai matsakaicin kyau. Wanda zai fara magana kuwa a duhu yake, sai ya riƙe mai ƙarfi sosai. Zarami ya ce wannan ya gane, haka ake yi a zaman sulhu, dattijo ne yake magana a ƙarshe. Umara ya ce yauwa. Zarami ya ce to gobe zai roƙi a canza masa kujera. Umara ya ce ba a kujera take ba, rabon yana zagayawa, kowa yana zama na ƙarshe bi da bi.

"Sannan ka daina kallon kartarka kamar allo. Kallo ɗaya ya isa, ba za ta sake ba. Mutanen za ka kalla. Jan Wuya komai aka zuba bi yake yi, ba ya iya haƙuri. Maigida kuwa in ya sami mai kyau sai ya cire lofe daga baki ya ajiye."

Wannan ta fi ba Zarami wuya. Tun yana yaro aka hana shi zuba wa babba ido. Rana ta biyar ya yi ƙoƙari. Ya ɗaga kai ya dubi Mai Lofe, Mai Lofe ya dube shi, sai ya ji kunya ya mayar da ido kan tebur. Ya koma satar kallon lofen kawai. Sau ɗaya Baturen ya cire ya ajiye, Zarami ya yi maza ya kifa tara biyu da bakwai biyu. Ashe tabar ce ta mutu. Amma ranar ya ci sau biyu a kan Jan Wuya, ya tashi da wake kusan yadda ya zauna da shi.

Da ya gaya wa Umara, Umara ya ce to yanzu saura abu guda, shi ne burga. Wani lokaci ba ka da komai, amma ka zuba kamar kana da komai, har mai ƙarfi ya tsorata ya kifa.

Zarami ya ce, "Wannan ai ƙarya ce."

"Ka buɗe baki ka ce wani abu? Wake ka zuba."

"Amma ina so ya zaci abin da ba shi ne ba."

"Shi ma abin da yake so ka zata ke nan. Kowa ya sani, da saninsa ya zauna."

"In kowa ya sani, wa za a ruɗa?"

Umara ya ce shi dai ya gaya masa ne don ya san ana yi, ba don ya yi ba. Sabon shiga ba ya burga. In ma zai yi, kada ya yi wa Jan Wuya, don wanda ba ya kifawa ba a tsorata shi. Zarami ya ce ya kwantar da hankalinsa, shi ba zai yi wa kowa ba. Aikinsa duk a kan faɗin abin da aka faɗa yake, ba ƙari ba ragi.

Rana ta shida aka yi ta yayyafi tun safe. An daɗe ana wasa sai aka raba wa Zarami karta huɗu baƙaƙe da ja guda. Ya tuna an ce masa biyar masu zane ɗaya babban hannu ne, sun fi uku iri ɗaya. Ya zubar da jar, aka ba shi wata, ta zo baƙa. Murna ta kama shi. Ya tuna kallo ɗaya ya isa, ya haɗe su ya ajiye a gabansa.

Jan Wuya ya kifa tun farko, abin da bai saba ba. Mai Lofe ya cire lofe ya ajiye, ya zuba wake biyar. Zarami ya ga lofen, amma ya ce a ransa ko uku iri ɗaya ne ya fi shi. Ya bi, ya ƙara goma. Baturen ya ɗaga gira, ya bi, ya ƙara goma. Zarami ya tuna kada a ɗiga kamar mai ba kaza. Ya sa hannu biyu ya tura duk waken da ke gabansa tsakiya. Sannan, karo na farko a shekara shida, ya dubi maigidansa ido cikin ido, hankalinsa kwance.

Mai Lofe ya daɗe. Ya dubi kartarsa, ya dubi Zarami. Ya ce wa Jan Wuya da Turanci, "Mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba." Ya watsar da kartarsa a buɗe, masu goma guda uku ne.

Ba dole ba ne Zarami ya nuna tasa, amma ba wanda ya gaya masa haka. Ya baje ta a tebur yana murmushi. Baƙaƙe ne duka, gaskiya. Sai dai uku masu kan mashi ne, biyu masu ganye. Babu ko biyu masu lamba ɗaya a ciki.

Jan Wuya ya tuntsire da dariya har yana dukan tebur. Mai Lofe bai yi dariya ba. Zarami ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya sunkuya ya dubi kartar da kyau, ya ga abin da ya faru.

"Ranka ya daɗe, kuskure ne. Na ɗauka baƙi duk baƙi ne."

Jan Wuya ya ce wannan burgar ma ta fi ta farkon, yana share hawaye. Zarami ya fara tura waken gaban Mai Lofe, yana cewa nasa ne, shi ya fi. Baturen ya sa bayan hannu ya mayar masa. Ya ce ya ci, cin halal. Ya kunna lofensa, ya ce, "Shekara shida, Zarami."

A bayan bariki Umara ya kama hannunsa yana girgizawa. Ya ce ko a jirgi bai ga irin wannan ba.

Zarami ya ce, "Kuskure ne, ban sani ba."

"To kada ka gaya wa kowa."

"Na riga na gaya musu, ba su yarda ba. Umara, na ci ne ko na faɗi?"

"Wake yana wurin wa?"

Daga ranar wani abu ya sake. Washegari wani manomi ya kawo kukan cewa ruwa ya cinye masa shinkafa, ya yi magana mai tsawo, Zarami ya juya. Mai Lofe ya ce, "Haka ya ce, ko haka ka ce?" Zarami ya sake juyawa kalma bayan kalma. Baturen ya kira Umara, wanda Turancinsa na bariki ne, ya tambaye shi ko haka ne. Umara ya ce haka ne. A teburin karta kuwa, duk abin da Zarami ya zuba sai Mai Lofe ya bi. Kwana biyu Zarami yana ci, domin shi mai kyau kawai yake bi, kamar yadda aka koya masa. Kowane ci yana ƙara ɓata fuskar maigida. Ya gwada faɗuwa da gangan sau ɗaya, ya bi da shara, sai aka ba shi sarauniya biyu a canji, ya sake ci.

Rana ta tara da hantsi ruwa ya ɗan ja, saman mashigin ya kwanta lumui. Mai Lofe ya ce a kira sarkin ruwa, yau za su haye. Kolo ya zo ya tsuguna, ya ce ruwan sama ne ya kwanta, na ƙasa yana gudu, kuma akwai itacen da kogi ya tumɓuke ya ajiye a tsakiya. Mutum da sandarsa zai wuce, amma kwalekwale mai kaya ba zai wuce ba. A ƙara kwana biyu.

Zarami ya juya yadda aka faɗa. Mai Lofe bai dubi Kolo ba, shi ya duba. Zarami ya san ana karanta fuskarsa, sai ya rasa yadda zai yi da ita. In ya sunkuyar da kai za a ce yana ɓoye wani abu. In ya ɗago, ai haka ya ɗago ranar baƙaƙen nan. Ya ɗago rabi, ya dubi kafaɗar Baturen.

"Kana jin daɗin zaman nan ne?" in ji Mai Lofe.

"Ranka ya daɗe, iyalina suna Haɗejiya. Maganar dattijon nan ce, ba tawa ba."

Baturen ya ce a ɗora kaya. Zarami ya gaya wa Kolo. Kolo ya ce, "Ka gaya masa abin da na ce kuwa?" Zarami ya ce ya gaya masa. Dattijon ma ya yi masa wani kallo, ya tashi ya je ya kwance kwalekwale.

Jan Wuya ya ce shi zai jira sawu na biyu. Aka ɗora adakar takardu da buhunan irin shinkafar da aka tattara a rangadin, Mai Lofe ya zauna a tsakiya, Kolo da ƙanensa suka kama sanda. Sun kai rabi lafiya. Daga nan gindin kwalekwalen ya juya, ya daki abin da ba a gani, ya karkata ya kife. Masuntan da ke gaɓa suka faɗa ruwa. Kolo ne ya cafko Baturen ta wuyan riga, suka fito da shi can ƙasa da mashigi, a gefen da suka baro. Ba wanda ya rasu. Adaka da buhuna kuwa ba a sake ganinsu ba.

Zarami ya riga kowa isa wurin, da bargo a hannu. Mai Lofe yana zaune cikin laka yana tari. Da ya sami numfashi ya dube shi ya ce, "Wannan karon kana da kartar."

"Wace karta, ranka ya daɗe?"

Baturen ya karɓi bargon ya yafa.

Ba a sake wasa ba. Suka ƙara kwana, ruwa ya ja fiye da yadda Kolo ya zata, suka haye suka kama hanyar gida. A hanya Mai Lofe bai yi masa faɗa ba, bai kuma yi masa hira ba. Zarami ya matsa da dokinsa kusa da Umara ya tambaye shi ko ya kamata ya ba da haƙuri. Umara ya ce haƙurin me. Zarami ya ce shi ma abin da yake tambaya ke nan.

Bayan sati uku da komawarsu aka kira shi ofis aka miƙa masa takarda. An ɗauke shi daga tafinta, an mayar da shi akawu a wurin awon gyaɗa a Malam Madori, kuma an ɗaga masa matsayi hawa ɗaya. A ƙasa akwai layi biyu da hannun Mai Lofe. Ya rubuta cewa Malam Zarami mutum ne mai zurfin ciki ƙwarai, wanda ya fi dacewa da hulɗa da 'yan kasuwa.

Ya kai takardar gida ya karanta wa matarsa Saude, ya juya mata da Hausa. Ta ce to yabo ne ko kora ce. Ya sake karantawa a ransa tun daga sama, ya ce zai tambaya. Ta ce kafin ya tambaya ya nemo mata igiya, tukwanen nan ba za su hau jaki haka ba.